Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Waiwaye Daga Allon Katako Zuwa Allon Kwamfuta

Watannin baya wata 'yar bautar ƙasa da ke ofishinmu ta kira ni in duba mata aikinta. Gidan wani malamin makaranta take zanawa, ɗaki uku da falo. Ta shimfiɗa wa kicin tayil, ta zaɓi girmansa da launinsa, amma a kan allon kwamfuta ƙasan kicin ɗin fari fat, babu ko layi ɗaya.

"Baba, wallahi na sa shi," in ji ta. "Wani abu ne yake danne shi."

Na ja kujera na zauna kusa da ita. Muka yi ta bin sawu, daga kayan da ta ba daɓen zuwa dokokin shafin da take kallo, har muka iske wani sharaɗi da ta gindaya tun kwanaki, wanda ya hana nuna zanen fuskar kowane daɓe a wannan shafi, ta kuma manta da shi. Tana cire shi tayil ya fito reras. Ta yi godiya ta ci gaba da aikinta, ni kuwa na koma teburina da maganarta a kunnena. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina wannan sana'a, kuma da za a matse ta kamar lemo, ruwan da zai fito bai wuce wannan ba: me ke gaba, me ke baya, kuma wa ya yanke hukuncin.

Na fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, a wani ofishin zanen gine-gine a Kaduna, lokacin allon zane na katako ne. Kayan aikinmu ƙididdigaggu ne: doguwar rula mai kai, 'yan ruloli masu kusurwa, takardar tiresin mai shara-shara, reza ta kankare kuskure, da jerin alƙaluman Rotring, kowanne da lambarsa a wuya, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yi gaggawar ba ni gida in zana ba. Wata guda cur layi kawai nake ja. Yakan ce in ɗauka an sa wuƙa an yanka gida, a tsaye ko a kwance, kamar yadda ake yanka kankana. Duk abin da wuƙar ta ratsa, alƙalami mai kauri ne nasa. Abin da ido ya hango bayan yankan, matsakaici. Ƙananan layukan da ke faɗin irin kayan da aka yi ginin da su kuwa, waɗanda muke kira hacin, nasu ne mafi siriri. "Hacin raɗa yake yi," in ji shi. "Ranar da ya fara shela, takarda ta lalace."

Hacin nan harshe ne da ba ya neman boko. Layuka a karkace, bulo ne aka yanka. Ɗige-ɗige da 'yan alwatika a warwatse, kankare ne. Layuka masu lanƙwasa kamar jijiyar itace, katako. Na sha tsayawa a wurin gini ina kallon birkilan da ba ya karanta Turancin da ke gefen takarda, amma da ya ɗora yatsa a kan yankan bango sai ka ji yana lissafi: nan linta ce, nan bulo inci tara, nan ciko, nan jaman fulo. Tun daga lokacin na gane cewa kowane ɗigo da na sa a takarda alkawari ne tsakanina da mutumin da zai kwaɓa siminti cikin rana saboda shi.

Tawada kuwa ba ta san komawa baya ba. In ka ja layi ya hau kan lamba, sai reza, kuma takardar tiresin ba ta jure kankara sau uku a wuri ɗaya. Saboda haka tun kafin alƙalami ya taɓa takarda ka riga ka tsara wa kowa matsayinsa a zuciyarka. Lambobin awo da rubutu su ake fara sakawa. Hacin shi ne na ƙarshe, in ya iso kusa da lamba sai ya tsaya cak, ya kewaye ta, ya bar mata wurin shan iska. Akwai ma wata dabara da tsofaffin hannu suka gada: a juya takardar a yi hacin a bayanta. Da yake shara-shara ce, yana fitowa a gaba amma da ɗan dishi-dishi, kuma in mai gida ya sauya ra'ayi, sai ka kankare bayan ba tare da ka taɓa layukan gaba ba. Haka muke yi da takardun ɗige-ɗige masu manne na kamfanin Letraset na Landan, mu yanka daidai wurin, mu liƙa a baya. A wancan zamani, in an ce gaba da baya, gaban takarda ake nufi da bayanta, abin da hannu ke juyawa.

Wahalar aikin ita ta koya mana tattali. Cika fuskar bene ɗaya da zanen jan bulo aikin kwana biyu ne, don haka ba kowa ke cikawa ba. Sai ka zana 'yan sahu a kusurwa ɗaya, ka bar sauran fari, mai kallo ya ƙarasa da hankalinsa. In aka kai takardar injin amoniya, mai warin nan da ke sa hawaye, kwafin da zai fito shi ne alƙali. Layin da ya cika siriri ya ɓace, wanda ya cika cunkoso ya haɗe ya zama baƙin tabo. Mai zane yana koyon iyakarsa daga kwafin da magini zai riƙe.

Manhajar AutoCAD ta fito a Amurka a watan Disamba na 1982, amma sai a tsakiyar shekarun 1990 ta iso teburin irinmu. Kwamfuta ɗaya ce a ofis, ana bin layi, ana addu'a kada a ɗauke wuta kafin mutum ya adana aikinsa. Ba zan manta ranar da na fara ganin an yi hacin da ita ba. Wani matashi ya taɓa tsakiyar falo sau ɗaya, sai ga tayil ya cika shi daga bango zuwa bango kafin in sauke numfashi. Aikin da ke cin yinina guda ke nan. Na yi murna har cikin raina, kuma har yau ina ganin murnar ta dace, domin bayana da idanuna sun san abin da allon katako ya karɓa a wurinsu.

Amma sabon kaya da sabuwar ɗabi'a yake zuwa. Hacin kwamfuta yana neman iyaka rufaffiya. In ka bar 'yar kafa a kusurwar ɗaki, wadda ido ba ya ko gani, to ko dai ta ce ba ta sami iyaka ba, ko zanen ya malale ta kafar ya mamaye ɗakin da ke maƙwabtaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, muka koyi rufe kusurwa tsaf. Babban sauyin dai a batun gaba da baya yake. Takarda ta daina samun baya. Komai a fuska ɗaya yake zaune, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da aka zana daga baya shi ke hawa kan na farko, kamar yadda shafen ƙarshe ke rufe na jiya a jikin bango. Masana kwamfuta ma sun yi aiki da wannan hikima ta mai fenti. A 1972 wasu masu bincike uku a Kambirij ta Ingila, Martin Newell da Richard Newell da Tom Sancha, suka bayyana hanyar da na'ura za ta jera abubuwa, ta fara zana na nesa sannan ta ɗora na kusa a kansa.

Muddin hacin layuka ne kawai, matsalar ba ta da yawa, don ana hango rubutu ta tsakaninsu. Fitowa ta 14 ta AutoCAD, a 1997, ta zo da ciko mai toshe wuri gaba ɗaya, ta kuma zo da umarnin tura abu baya ko jawo shi gaba. Daga nan abin da a da hannu ke yi tun yana ja, ya zama wani aiki dabam da sai an tuna da shi. Wanda kuwa sai an tuna da shi, ana iya mantawa.

Na manta sau ɗaya, kuma ban ƙara ba. Wurin alwala na wani masallacin unguwa nake zanawa. Na sa kibiya da rubutu cewa daɓen ya gangara zuwa magudana, na nuna yawan gangarar. Dab da kammalawa na ga shafin ya yi fari da yawa, sai na zuba masa ciko mai ruwan toka, na ɗora zanen tayil, ya yi kyau a ido. Cikon ya hau kan kibiyar da rubutun ya binne su. Na buga, ban tsaya na karanta kwafin ba, na miƙa. Bayan wata biyu aka kira ni. Ruwa ya kwanta a wurin, dattawa suna tattare bakin riga suna taka shi a hankali, ga santsi. Mai sa tayil ya ɗauko takardar daga aljihunsa, ta yi laushi don ninki, ya buɗe mini.

"Injiniya, duba da kanka. Ai takardarka ba ta ce a yi gangara ba."

Gaskiyarsa. A cikin kwamfuta rubutun yana nan daram, amma shi ba kwamfuta aka ba shi ba. Na'urar ta yi daidai abin da na sa ta. Aka fasa tayil aka sake, da kuɗin da jama'a suka tara naira-naira bayan sallar Juma'a. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne na fifita ado a kan umarni, na bar kwalliya ta zauna gaban magana. A allon katako hannuna ba zai yarda ba, don sai ya ratsa ta kan rubutun da kansa yana gani.

Sai kuma zamani ya sake juyawa. Tun 1984 kamfanin Graphisoft na Budafes, a ƙasar Hungari, ya fitar da manhajar da ta zama ArchiCAD, wadda ke gina gida sukutum a cikin kwamfuta. Revit ta fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002, kuma a hankali irin wannan aiki ya mamaye ofisoshinmu da jami'o'inmu. Yanzu mai zane ba ya jan layi biyu ya ce bango ne. Bangon yake ɗagawa, kuma bangon ya san cikinsa: bulo a tsakiya, filasta ciki da waje, fenti ko tayil a kai. Kowane kaya yana ɗauke da zane biyu, zanen fuska wanda ake gani in an kalle shi daga waje, da zanen yanka wanda ke bayyana in wuƙar nan ta maigidana ta ratsa shi. Zanen ma iri biyu ne. Akwai wanda awonsa na takarda ne, alama ce kawai, girmansa ɗaya ko ka matso ko ka ja baya. Akwai wanda awonsa na gini ne, tayil mai milimita 600 yana nan a 600, har kana iya ƙirga guda nawa za su shiga falo, ka ga inda yanki zai faɗa, ka matsar da shi bayan ƙofa tun kafin a sayo ko kwali ɗaya. Wannan alheri ne babba, kuma duk wanda ya taɓa ganin siririn yankin tayil a bakin ƙofar falo ya san darajarsa.

A cikin irin wannan gida, ba a tambayar wa aka fara zanawa. Nisa ke raba gardama, abin da ya fi kusa da ido shi ke rufe na bayansa. Dabarar da allon kwamfuta ke bi ta samo asali a 1974, lokacin da Edwin Catmull a jami'ar Yuta ta Amurka da Wolfgang Strasser a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar a riƙa ajiye nisan kowane ɗigo na hoto, in sabon abu ya zo a gwada, wanda ya fi kusa ya ci wurin. Tana da wata ɗabi'a da nake so ƙwarai. In ka ɗora abubuwa biyu a wuri ɗaya daidai wa daida, misali fuskar daɓe da fuskar kankaren da ke ƙarƙashinsa, sai ka ga suna kokawa a kan allo, wannan ya leƙo wancan ya leƙo, wurin yana ƙyalli yayin da kake juya ginin. Na'ura ce ke gaya maka ba ta da hujjar fifita ɗaya. Sau da yawa ƙyallin nan kuskure na gaske yake nunawa, domin a wurin gini abubuwa biyu ba sa zama a gurbi ɗaya.

Sauran hukunce-hukuncen kuwa an mayar da su dokoki, hawa-hawa kamar sarauta. Kayan gini yana da zanen da aka ba shi, wannan shi ne mai unguwa. Dokar shafi tana iya soke maganarsa, kamar dagaci. Sharaɗin da ke tace abubuwa bisa siffarsu yana gaban dokar shafi, kamar hakimi. In kuma ka kama abu ɗaya tilo ka ce ga yadda zai fito a wannan shafi, to maganarka ta hau kan tasu duka. Gaba da gabanta. Ko inda bango biyu suka haɗu akwai girma da ƙanƙanta: a Revit kowane sashe na bango yana da lambar matsayi daga 1 zuwa 5, mai ɗaukar nauyi shi ne na 1, yana ratsa kowa, filasta da fenti suna can ƙarshe suna kaucewa. Fitowar 2019 ta ƙara wa kowane kaya zanen gaba da zanen baya, a ɗora layuka a kan launi. Na yi murmushi da na ga haka, don bayan takardar tiresin ɗinmu ne ya dawo da sabon suna.

Duk wannan ya rage kuskure irin nawa na masallaci, domin rubutu da lambobi yanzu suna zama a saman gini da kansu. Amma hukuncin yana nan, ya dai nutse ne cikin dokokin da wani ya tsara tun kafin ka buɗe shafin, kuma yaran yanzu suna gadar dokokin nan ba tare da sun san akwai su ba. Abin da ya sami 'yar bautar ƙasarmu ke nan. Akwai kuma wata ƙofa da ke tsorata ni. Manhajojin nan suna ba ka damar yanko faci, fari ko mai zane, ka liƙa a saman hoton gini, kuma facin kullum yana gaban abin da ke ƙarƙashinsa. An yi shi don ƙarasa ƙananan bayanai, amma na sha kama shi yana rufe ɓarna. Bim bai hau kan ginshiƙi ba, lokaci ya ƙure, sai a liƙa facin kankare a wurin, takarda ta fito sumul. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a gini fuska tana iya rantsuwa a kan ƙarya. Zanen dutse a fuskar bango ba ya faɗin ko bulon da ke ciki ya ƙoshi da siminti. Shi ya sa in aka kawo mini aiki, shafin yanka nake fara buɗewa, in kashe duk wani faci, in ga abin da ya rage a tsaye.

Akwai abu na biyu, wanda ya fi daɗewa yana cina. Buɗe rumbun zanen da ke zuwa da manhaja ka karanta sunayen. Za ka ga ANSI31, layuka a kusurwar digiri 45 bisa ƙa'idar Amurka. Za ka ga AR-B816, wato bulo mai inci 8 da 16, girman bulon Amurka. Namu na siminti inci 9 da 18 ne, milimita 225 da 450. Shekara da shekaru takardunmu suna fita ɗauke da bulon da babu mai buga shi a Kano, don kawai shi ne a kusa da hannu. Wannan ba laifin waɗanda suka rubuta manhajar ba ne. Sun zana abin da suke gani ta tagarsu, suka kuma bar ƙofa a buɗe kowa ya ƙara nasa. Mu ne muka yi shekaru ba mu shiga ƙofar ba.

Na san zurfin abin ne ranar da wasu 'yan uwa a birnin Zariya suka nemi in auna musu tsohon zauren gidansu kafin a gyara. Na auna, na zana, na zo wurin cika bango sai na tsaya. Babu tubali a rumbun. Abin da ya fi kusa shi ne zanen da ake nuna ƙasar da gini ke zaune a kai, shi na zuba. Na kai kwafin wurin dattijon maginin da zai yi aikin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Ɗana, ina tubalin? Wannan ai tarin ƙasa ka zana mini."

Ya ja ni zuwa inda damina ta zaftare gefen katanga, ya nuna mini cikinta. Ga tubala nan masu faɗin gindi da tsinin kai, an jera su sahu-sahu kai a sama, an cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ga katangar da kauri a ƙasa, tana sirancewa yayin da take hawa. Ga yaɓe a kai, ga shafen makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai kare bango daga ruwa. Ya ɗaga kai ya nuna azara ta giginya a rufi, da indararo, da zankwaye a kusurwa. Ya ce zanen fuska kuwa tun yaɓe yana ɗanye ake yinsa, in ya bushe an makara. Ashe shi ma yana da nasa tsarin na gaba da baya, yana da zanen yanka da zanen fuska, yana da abin da ke ɗaukar nauyi da abin da ke kaucewa. Ni da takardata ne muka zo masa da kurman harshe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Da na koma na binciki yadda ake rubuta zanen hacin, sai na ga dalilin da ya sa adon ginin Hausa ke da wuyar shiga. Fayil ɗin rubutu ne tsagwaro. Kowane sahu yana bayyana dangin layuka miƙaƙƙu: ga kusurwarsu, ga inda suka faro, ga tazararsu, ga tsawon ja da tsawon tsallake. Daga nan na'ura ta yi ta maimaita su har iyakar wurin. Babu lanƙwasa a ciki, sai dai ka haɗa guntayen layuka da yawa su yi kama da ita. Wannan ya dace da bulo da tayil da kwano, abubuwan da inji ke fitarwa iri ɗaya. Amma je ka tsaya gaban tsofaffin gidajen Tudun Wadan Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ko cikin birnin Kano. Dagi yana sarƙewa, igiya ɗaya ta bi ta saman wata sannan ta nutse ƙarƙashinta, gaba da baya a cikin ƙulli ɗaya. Adon ya san inda ƙofa take, yana taruwa a kanta yana sassautawa a gefe. Yana da tudu da kwari, don haka hantsi yana karanta shi dabam, la'asar dabam. Ba ya maimaita kansa, don mai yinsa yana duban gidan da mai gidan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, adon da ke jikin ginshiƙansa da bakan gizonsa tare suka tashi da ginin, ba a liƙa su daga baya ba.

Abin da babu shi a rumbu yana wuyar shiga takarda. Abin da bai shiga takarda ba, ba ya shiga lissafin kuɗi, ba ya zuwa teburin masu ba da izinin gini, ɗalibi ma ba ya ganinsa a matsayin zaɓi. Ba na cewa kwamfuta ce ta kori ginin ƙasa, siminti da kwano sun riga ta isowa da shekaru masu yawa. Amma duk yaron da ya buɗe manhaja ya ga bulo iri-iri bai ga tubali ba, an koya masa darasi ba tare da an buɗe baki ba. Hatta bango mai sirancewa sama, wanda kowane magini na gargajiya ya sani tun yana yaron gini, sai a fitowar 2022 Revit ta mayar da shi abin da ake yi kai tsaye.

Duk da haka ba na cikin masu kukan jiya. Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru da shi da mataimakansa suna auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya suna zana su da hannu, aka buga aikin cikin juzu'i 3 a 1990, ya nuna cewa ginin ƙasa yana zama a takarda da cikakken mutuncinsa. Falke Barmu, maginin Yama a jihar Tawa, masallacinsa na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a 2018, da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu. Ƙasa ba ta tsufa ba, kuma kayan aikin zamani ba su ƙi ta ba. Abin da ya rage namu ne, mu koya wa na'ura sunayen kayanmu.

Shi ya sa bayan ranar tayil ɗin nan na ba 'yar bautar ƙasarmu aiki biyu. Na farko, duk shafin da ta gama ta buga shi, ta tashi daga gaban kwamfuta, ta karanta shi a tsaye kamar mai sa tayil da ke riƙe da shi cikin rana, ta tambayi kanta abin da ya fara shiga ido, da ko shi ne ya kamata ya fara. Na biyu, na kai ta Zariya ta ga zaftararriyar katanga da idonta, ta auna tubali da hannunta. Ta yi mako biyu tana haɗa guntayen layuka, tana gwadawa tana gogewa, har siffar ta fito, gindi mai faɗi, kai mai tsini, sahu a kan sahu. Daga baya ta ƙara bulo mai 225 da 450, ta ƙara azara a yanke, ta ƙara makuba.

Rannan na buɗe rumbun ofishinmu ina neman wani abu, na gangara cikin jerin sunayen. AZARA na nan kusa da farko, tsakanin baƙin sunaye masu lambobi, MAKUBA a tsakiya, TUBALI can wajen ƙarshe. Na buga yankan zauren nan na Zariya da sabon zanen, na naɗe takardar na kai wa dattijon, ko da yake an daɗe da gama gyaran. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefenta da carbinsa, ya ɗora yatsa a gindin bangon ya fara ƙirga sahu yana hawa sama.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu ka zana gini."